Mai Ɗanɗana wa Baba Gishiri

A garinmu kowa likita ne idan aka zo maganar jini. Mace ta miƙe ta ji jiri, sai a ce jininta ya faɗi. Yaro ya dawo makaranta yana riƙe da kai, jininsa ya faɗi. Maganin kuma kowa ya sani: a dama dug, tsinkakken nonon nan, a zuba masa gishiri da hannu sake, a ɗura wa mutum. Ba wanda ke aunawa. Na gaji da jin wannan magana, kuma Mahdis ce ta sa na daina yin shiru.

Aikina kula da lafiyar ɗalibai ne a wata makarantar firamare ta 'yan mata a Bahar, kusa da Hamadan. A kakar bara aka ce mu auna jinin yara. Malamai suka yi ta dariya, wai an rasa aikin da za a ba ni. Yaran kuwa abin wasa suka ɗauke shi, suna layi suna ture juna, kowace na so a fara da ita. Da aka zo kan Mahdis, 'yar aji biyar, sai na bayanta suka toshe hanci suna cewa ga Kokwamba nan ta iso, a buɗe taga. Ba ta kula su ba. Ta naɗe hannun rigarta ta miƙo mini damtse. Ƙamshin tafarnuwa da ruwan khal mai tsami ya riga ya zauna a jikin tufafinta, yatsunta duk sun tsattsage kamar na tsohuwa mai wanki.

Na ga sha huɗu bisa tara, wato ɗari da arba'in bisa casa'in, yadda muke taƙaita shi a nan. Na ce ko gudu ta yi, na zaunar da ita ta huta, na sake. Bai sauka ba. Na bari aka kwana biyu na kira ta ita kaɗai, na sake bari na kuma kira ta. Kullum yana nan, wani lokacin ma ya ɗara. Ga yarinyar da ba ta cika shekara sha ɗaya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na tambaye ta ko kanta na ciwo. Ta taɓa ƙeyarta ta ce kullum, musamman da safe. Na ce to me ake yi mata a gida?

"Kaka ta ce jinina ne ke faɗuwa. Sai ta dama mini dug ta ƙara gishiri."

Na ajiye biro. Na tambaye ta me take ci, sai fuskarta ta washe, ta gyara zama kamar wadda za ta faɗi sakamakon jarrabawar da ta ci. Ta ce ita ce mai ɗanɗana wa babanta. Ubanta, Aga Nosrat, sana'arsa jiƙa kokwamba da tafarnuwa a ruwan gishiri, kamar rabin mutanen garinmu. Ba a rufe duro sai an ɗanɗana ruwansa, ba a buɗe shi a sayar sai an sake ɗanɗanawa. Da shi yake yi da kansa. Da likita ya gano masa hawan jini ya hana shi gishiri, sai aikin ya dawo kanta.

"Baba ya ce harshena ya fi na kowa a gidan," in ji ta. "Kuma ba a tofarwa, Malama. Sai an haɗiye ake jin ƙarshensa."

Ranar Alhamis na je gidan. Tsakar gida cike da shuɗayen duro na roba, sai an karkace ake wucewa. Hajiya Kobra, uwar Aga Nosrat, ita ta tare ni da fara'ar da ta fi ƙarfin baƙon da ba a gayyata ba. Ta ce gida nawa ne, na haskaka musu ɗaki, ta rantse sai na zauna a saman kilishi kusa da murhu. Aka kawo shayi, aka kawo lemo, aka kawo kokwambarsu a faranti don in gane da bakina cewa babu irinta har Tehran. Akram, uwar yarinyar, ta ajiye tire ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Aga Nosrat yana jingine da matashi, na'urar awon jini ɗaure a damtsensa. Ya ɗaga mini yatsa alamar in dakata, don magana na rikita awo. Muka yi shiru dukanmu, har da tsohuwa, muna jiran na'ura ta gama kuka. Ya duba, ya yi hamdala, ya ce sha uku. Hajiya Kobra ta ce ranta fansarsa, ai tun da aka ware masa tukunyarsa marar gishiri ya dawo kamar saurayi.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara da murmushi irin na wanda yaro ke ba wa labarin mafarki.

"Nawa kika ce, Malama?"

"Sha huɗu bisa tara. Wani lokacin sha biyar."

"Sha huɗu." Ya juya ga uwarsa. "Kin ji, Nane? Ni nawa ya kai sha takwas ina ɗora duro a mota. Sha huɗu ai ranar salla ce a wurina."

Na ce masa awon babba daban, na yaro daban, kuma abin da ya gani ƙarami a jikinsa wuta ne a jikin 'yarsa. Hajiya Kobra ta dafa gwiwata. Ta ce ita ta raini 'ya'ya shida, ta binne biyu, ba ta taɓa jin yaro da hawan jini ba. Wannan ciwon masu tunanin haya ne da kuɗin wuta. Wane tunani Mahdis take da shi? Ta tambaye ni ko na yi aure. Na ce a'a. Ta gyaɗa kai kamar ta gano bakin zaren, ta ce in Allah ya ba ni nawa zan fahimta.

Na ce shi ke nan, kada su yarda da ni. Ga na'ura nan a gabansa, a kira yarinyar a ɗaura mata, su gani da idonsu. Aga Nosrat ya jawo na'urar kusa da cinyarsa. Ya ce tana ajiye lissafi a cikinta, likitansa yana dubawa duk wata, idan aka sa wa wani za ta cakuɗa masa nasa. Na ce to ga tawa a jaka. Ya ce ai ita ce ta kawo wannan magana tun farko; na'urar gwamnati, da ta bi hannun yara ɗari, me za ta faɗa?

Na ce ana sayar da ɗan abin auna gishirin ruwa a kasuwar Hamadan, bai kai kuɗin buhun tafarnuwa ba. Nan ne fara'ar ta ɗan ja baya. Ya ce kakansa bai auna da ƙarfe ba, ubansa bai auna ba, kuma mai saye yana gane abin da harshen mutum ya taɓa. Ya ce shi ba azzalumi ba ne, ɗan cokali ne fa, ba dutse ya ɗora mata ba. Wasu 'ya'yan suna gona cikin sanyi suna tonon dankali.

Da zan tafi na ce ina so in gaida Mahdis. Akram ta nuna mini matakalar ɗakin ƙasa ba tare da ta dube ni ba. Na sauka. Sanyi, da warin da ke shiga ido. Duro a jere har bango, ita kuma tana tsaye a kan akwati da ludayi a hannu. Ta ɗebo, ta kurɓa, ta juya a baki, ta haɗiye, ta ciji kokwamba ɗaya, ta ɗaga murya ta ce wannan yana son ƙari. Daga sama ubanta ya amsa da madalla. Ta sauko, ta ja akwatin zuwa duro na gaba. Na tsaya ina kallon layin da ya rage mata. Ɗan cokali, in ji shi.

Sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe tsaunuka, Mahdis ta fara sauyawa a gaban idonmu. Malamar ajinsu ta ce ta koma barci a kan tebur. Sannan ta roƙi a dawo da ita layin gaba don allo na yi mata hazo. Wata safiya aka kawo mini ita da haɓo, jini ya ɓata mata farin mayafi, tana ta ba ni haƙuri wai ta ɗiga mini a ƙasa. Na auna. Sha shida. Na kira ubanta a waya, ya ce yana hanyar Tehran da kaya, idan ya dawo. Ya dawo, na sake kira, ya ce ana bikin ɗan ƙanwarsa, a bari a watse. Aka watse, ya daina ɗauka.

Ƙaramin asibitin unguwa ba ya duba yaro sai da uba ko uwa. Na samu shugabar makarantarmu na ce ta kira shi da bakinta. Ta rufe ƙofa ta tuna mini cewa murhun da ke ɗumama ajin 'yan aji ɗaya Aga Nosrat ne ya saya, kuma mu makaranta ce, ba kotu ba. Ta ce mutumin kirki ne, yana ciyar da jama'a a Muharram, kada zafin kaina ya ja mana abin kunya. Na kai maganar sama. Aka gode mini, aka ce za a duba.

Sai na tare Akram a bakin ƙofar makaranta, ta zo ɗaukar ƙaramar 'yarta, Yasna, 'yar aji ɗaya. Na ja ta gefe. Ta riƙe bakin mayafinta da haƙori tana kallon ƙasa. Ta ce ta sani, tana ganin yarinyar da asuba tana dafe bango kafin ta kai banɗaki. Ta ce ta roƙi mijinta a bar ta ta riƙa ɗanɗanawa a madadin 'yar, ya ce shayi mai zafi ya kashe mata harshe, za ta ɓata masa kaya. Ta ce rannan ta sa wa Mahdis takalmi za su asibiti, Hajiya Kobra ta zauna a bakin ƙofa ta ce sai dai a tsallake ta; so ake a buga wa jikarta tambarin mai ciwo, gari ya ɗauka, mutane su ce daga gidan marasa lafiya suke sayen abin da za su ci.

"To yanzu me ake ba ta?" na tambaya.

Ta ce tsohuwa ta je wurin mai magungunan gargajiya, ya ce ciki ne ya yi sanyi, shi ya sa kai ke ciwo. Ya ba da saiwar shirin-bayan, mai zaƙin nan, ana dafawa tana sha safe da yamma.

Duk wanda ya yi wata guda a ajin kiwon lafiya ya san wannan saiwa hawar da jini take yi. Na riƙe hannun Akram na ce ta zubar da ita yau, ta hana dug ɗin nan, ta ɗauki 'yarta ta fita ko ta kan tsohuwar ne. Ta zare hannunta a hankali.

"Malama, ke za ki koma gidanku. Ni can zan kwana."

Ban ga laifinta kamar yadda na ga nasu ba. Amma ban wanke ta ba, kuma har yau ban wanke ta ba.

Gab da sabuwar shekara ciniki ke tashi, kowane gida na son kokwamba a kan tabarmar baƙi. Aka buɗe duron da aka ajiye tun kaka, kowanne sai an ɗanɗana kafin ya fita. Mahdis ta fara zuwa da fuska a kumbure, idanu kamar wadda ta yi kuka. Ƙawayenta sun daina tsokanarta, don ko Kokwamba aka ce ba ta juyowa. Na ce mata ta riƙa tofarwa, kada ta haɗiye, ba wanda zai gani a ɗakin ƙasa. Ta dube ni kamar na ce ta yi sata. Ta ce idan ta yi kuskure aka dawo da kaya, Baba zai shiga damuwa, kuma damuwa na tayar masa da jini.

A layin safe ta faɗi. Ana cikin karatun addu'a sai na ji yara sun watse suna ihu. Na same ta a ƙasa jikinta na fizga, idanu sun juye, leɓe ya yi shuɗi. Na juya ta gefe, na sa a kira motar asibiti. A cikin motar ma'aikacin ya auna, ya dube ni, ya sake aunawa. Bai faɗi lambar ba, ya ce wa direba ya ƙara wuta.

A babban asibitin Hamadan, inda iyayenta da kakarta suka same mu, likitar yara ta fito bayan azahar. Ta ce ƙodar yarinyar guda ta daɗe da rauni, mai yiwuwa tun tana ƙarama, abin da magani da kiyaye abinci za su iya riƙewa da an zo da wuri. Ta ce jinin ya taɓa bayan idanu, na hagu ya fi muni, ba za ta yi alkawari a kansa ba. Ta tambayi me yarinyar ke ci da sha. Akram ta buɗe baki, sai kuka ya rufe shi. Ni na faɗa, ban rage komai ba. Likitar ta cire tabarau ta daɗe tana duban Aga Nosrat.

Hajiya Kobra tana zaune a benci da jaka a cinya. Na ga wuyan kwalba ya leƙo. Dug ne. Ta taho da shi tun daga Bahar, don idan yarinyar ta farfaɗo a ɗaga mata jini.

Aga Nosrat ya dafa bango. Na ɗauka abin ya shige shi, har na fara jin wani abu mai kama da tausayi. Sai ya juyo gare ni, a gaban likita da mutanen da ke zaune.

"Ku kuma a makaranta me kuke yi? Yarinya tana hannunku kullum. Me ya sa ba a gaya mana abin ya kai haka ba?"

Ban san lokacin da na matsa gabansa ba. Na tuna masa kilishinsa, da shayinsa, da sha huɗun da ya ce ranar salla ce. Ya ce ai ban ce za ta faɗi ba. Da na ce za ta faɗi, da wa zai zauna? Uwarsa ta ce kowa da abin da aka rubuta masa, kuma mugun ido ne, tun ranar da baƙi suka fara shigowa gidan suna yaba yarinyar. Ta faɗa tana kallona.

Sannan Aga Nosrat ya riƙe ƙirji ya zauna. Ya kira wata ma'aikaciya da ke wucewa, da ladabi, ya ce don Allah 'yar'uwa ta taimaka ta auna shi, ya baro na'urarsa a gida, kuma wannan tashin hankali ba ya yi masa kyau.

Aka auna shi. 'Yarsa na bayan labule da allura a hannu biyu.

Mahdis ba ta mutu ba. Na faɗi wannan don na san akwai masu jira su ji an mutu kafin su yarda an yi laifi. Ta fito da ƙwayoyin da za ta sha iyakar rayuwarta, da idon hagu da ba ya ganin komai sai inuwa. Bayan hutun sabuwar shekara na kai mata littattafanta. Na same ta a tsakar gida tana shan hantsi, ta rame, tana karkata kai don ta gan ni da ido mai kyau. Hajiya Kobra ta tare ni da fara'ar nan tata kamar ba abin da ya faru. Ta ce in zo in ga gata: yanzu daga tukunyar babanta ake zuba mata, marar gishiri, su biyu kamar sarki da 'yarsa. Har na'urar ma yana ba ta aro da safe. Ashe lissafin bai cakuɗe ba.

Na zauna kusa da Mahdis ina nuna mata inda aji ya kai. Sai na ji ƙarar akwati ana jan sa a kan siminti, daga ƙasa. Na san wannan ƙara. Na ɗaga kai. Akram tana bakin rijiyar wanke-wanke, ta juya mana baya, hannunta ya tsaya cik a cikin ruwa.

Wata siririyar murya ta taso daga matakala.

"Baba, wannan ya yi."

Daga ɗaki Aga Nosrat ya ce ta sake kurɓa da kyau, kada ta yi gaggawa, yayarta ba haka take yi ba. Jim kaɗan Yasna ta hawo da ludayi a hannu, ya kusa kai tsawon damtsenta. Leɓenta ya yi fari ya tattare. Ta gan ni ta yi murmushi, da giɓin haƙoran da ta zubar, ta ce Malama, yanzu ita ce.

Na dubi tsohuwa. Ta ce ai wannan ƙodarta lafiya lau, likita da kanta ta ce waccan da rauninta aka same ta.

Mahdis ta jawo hannun rigata. Ta sauke murya yadda ubanta ba zai ji ba.

"Malama, ki gaya mata ta riƙa tofarwa. Ni na gaya mata, ta ce ƙyashi nake yi."

Na karɓi ludayin daga hannun Yasna na jefa shi bayan duro. Aga Nosrat ya leƙo ta taga ya ce in fita masa daga gida, na ce zan fita, kuma gobe zan dawo ba ni kaɗai ba. Na dawo ɗin. Na kai ƙara inda ake kai ta, da bayanin likita a hannuna, kuma wannan karon sun zo. Shugabarmu ba ta gaishe ni tun ranar. Ban san iya kwanakin da ludayin zai yi a bayan duro ba, don akwai wani a rataye a kicin.

Wannan mutum ba mashayi ba ne, ba ya dukan kowa, ba ya fashin salla. Ya san abin da gishiri ke yi wa jiki sarai, shi ya sa ya cire shi daga bakinsa. Bai zubar ba, ya duba gidansa ya nemi bakin da ba zai iya ce masa a'a ba. Kuma duk wanda ya kamata ya tsaya masa ya sami abin faɗa: uwa ta ce al'ada, mata ta ce tsoro, makaranta ta ce murhu. Mu kuma muka saya, muka jera a faranti ranar sabuwar shekara, muka ce wa baƙi su ci, babu irinta har Tehran.

A kaka mai zuwa za a sake jera mini yara in auna su. Zan fara da 'yan aji ɗaya, kuma kafin in ɗaura wa kowace komai a damtse, yatsunta zan fara dubawa.